A garinmu ni ce Likita, a babban asibiti ko takardata ba a dubawa

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, wato CHEW, ba likita ba, shekarata 27. Shekara uku ke nan ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu, daga ni sai wani mai riga-kafi. Duk garin Likita ake ce mini, mahaifina ma Baban Likita ake kiransa, kuma yana jin daɗin abin. Ko tsakar dare ne sai a buga mana ƙofa. In na ce a tafi babban asibiti sai a ce, "Haba Likita, ai ke ma kin iya, ki taimaka mana." Har wani ɗan kasuwa ya ce zai buɗe mini kemis da ɗakin kwantar da marasa lafiya, mu riƙa raba riba. Amma watan jiya na raka wata mai cikin wata takwas babban asibiti, jininta ya hau 170/110, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi. Na miƙa takardar da na rubuta, nas ɗin ko kallonta ba ta yi ba, ta ce a gaban mijin matar, "Ku na ƙauye ba abin da kuka iya sai ku ɓata mutane ku kawo mana." Bayan kamar awa ɗaya matar ta fara jijjiga. Allah ya sa ta rayu ita da jaririn. Tun daga ranar nake jin nauyin tura kowa. Sau biyu na riƙe matan da a da turawa zan yi, kuma lafiya suka sauka. Anti, wace ce ni a cikin biyun, wadda garinmu ke gani ko wadda nas ɗin nan ta gani?

Wa alaikumus salam 'yata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Maganar nas ɗin nan ta ɓata mini rai, kuma zan zo kanta. Amma abin da ya hana ni barci shi ne inda kika ce kin riƙe mata biyu da a da turawa za ki yi. Da shi zan fara, don shi ne ba ya jira.

Ke gani kike matsala biyu gare ki, waɗansu sun kai ki inda ba ki kai ba, waɗansu sun raina ki. Ni kuwa hanya ɗaya nake hangowa. Rainin yana tura ki ta baya, yabon yana jan ki ta gaba, kuma wuri ɗaya suka nufa da ke: ɗakin haihuwarku da ƙarfe biyun dare, ke kaɗai da fitilar waya, ga mace tana zubar da jini, babu jinin da za a ƙara mata, babu ɗakin tiyata, motar da za ta ɗauke ta kuma ba a nemo ba tun da fari saboda Likita ta ce a bari a gani. Ranar da aka wulaƙanta ki a gaban mijin mara lafiya, zuciyarki ta nemi inda ake girmama ta, ta koma can ta zauna. Kowa ma haka zai ji. Sai dai abin da zuciyarki ta huta da shi, matan garinku ne za su biya kuɗinsa.

Kada saukar matan nan biyu lafiya ta rufe miki ido. Yawancin naƙuda da kanta take ƙarewa lafiya, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan mace 15 cikin kowace 100 masu ciki ke haɗuwa da matsalar da za ta iya kai wa ga rasa rai. Ke nan kina iya riƙe mace ta uku, ta huɗu, ta biyar, duk su sauka lafiya, kowace sauka tana ƙara miki ƙarfin gwiwa, garin kuma yana ƙara yabo. Sa'a irin wannan mugun malami ce, don tana koya wa mutum darasin ƙarya har ya haddace.

Ba daga littafi kaɗai nake faɗa miki wannan ba. Ina sabuwar ungozoma, a wani gari da ni ma ake ce mini Likita, aka kawo mini wata yarinya 'yar haihuwar fari da la'asar. Zuwa isha na ga kan ɗan ba ya saukowa. Na san abin da aka koya mini. Uwar mijinta ta riƙe hannuna ta ce, "Duk matan layinmu a hannunki suka sauka, wannan ma Allah zai ba ki sa'a." Na ji daɗin maganar, na ce a ƙara awa biyu. Awa biyun ta zama asuba. Da muka isa babban asibiti aka yi mata aiki, ɗan ya riga ya rasu, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Babu wanda ya zarge ni a garin, cewa suka yi haka Allah ya ƙaddara, har godiya aka zo yi mini. Shekaru sun wuce da yawa, amma har yau in na rufe ido ina ganin agogon bangon ɗakin nan, ina ganin ƙarfe tara, lokacin da ya kamata in ce a kawo mota.

Kin san waɗannan abubuwa, amma bari in tuna miki don ki ji su da sabon kunne. Jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa ya zama zubar jini, kuma in ya ɓalle yana iya ɗauke mace lafiyayya cikin awa biyu. Doguwar naƙuda, idan kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, naman wurin mutuwa yake yi ya ɓule. In kin taɓa zuwa asibitin Babbar Ruga a Katsina, ko sashen masu yoyon fitsari na Asibitin Murtala a Kano, kin ga yawan 'yan matan da dare ɗaya ya canza wa rayuwa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, mata wajen 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A makaranta an koya muku jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Aikinki shi ne ki gajarta su. Duk ranar da kika riƙe wadda ya kamata ki tura, kin zama jinkiri na huɗu, kuma shi ya fi wuyar ganewa, don dangi suna zaune a waje hankalinsu kwance, sun ɗauka sun riga sun iso.

Addini ma bai bar wannan magana ba. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, shi ke da alhakin abin da ya biyo baya. Ke an san ki da ilimi, kina da takarda da rajista, amma iliminki yana da iyaka rubutacciya, tana nan cikin littafin ƙa'idojin aikinku, wato Standing Orders, da ke kan teburinki. Inda littafin ya ce a tura, can takardarki ta ƙare, can kuma alhaki ya fara. Ki tuna Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan. An ruwaito cewa an yi masa tambaya 48 a zama ɗaya, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Mutane daga nesa suke tahowa Madina dominsa, sun ɗauka babu abin da ya ɓuya gare shi, amma bai bar zatonsu ya sa shi faɗin abin da bai tabbatar ba. Girmansa bai ragu ba, kuma naki ma ba zai ragu ba.

Sunan Likita kuwa, ba na ce ki tsaya gardama da kowace tsohuwa a kansa ba. A ƙauyukanmu duk mai farar riga Likita ne, ba yau aka fara ba. Ke dai kada ki taɓa kiran kanki haka, kada ki rubuta shi a takarda ko a allo, don doka ta keɓe wannan matsayi ga wanda ya yi karatun shekara shida ya yi rajista da hukumar likitoci. Kuma kada ki bar sunan ya shiga cikinki. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ki kuma gane abin da ke ƙarƙashin "ai ke ma kin iya". Mutanen garinku suna son ki, ba ƙarya suke yi ba. Amma ba auna ki suka yi suka ga kin kai ba, ba su da mudun da za su auna da shi. Mijin da ke roƙonki lissafi yake yi a ransa: kuɗin mota cikin dare, kuɗin jini, kuɗin aiki, abincin masu jinya, ga tsoron da matar ke yi kada a ce za a yanka ta. Rabin yabon nan roƙo ne, talauci ne ke magana da bakin girmamawa. In kin gane haka, za ki ga amsarsa ba ta tsaya ga "ban iya ba". Ki ce masa, "Malam, abin da matarka ke bukata jini ne da ɗakin aiki, ni kuma ba ni da su a nan. Ko babban likita ne a ɗakin nan, tura ta zai yi. Zan yi mata abin da zai riƙe ta a hanya, kuma tare za mu tafi." Wannan gaskiya ce tsantsa, ba ta rage ki da komai ba, shi ma ba ta kunyata shi ba.

Sauran aikin da rana ake yin sa, ba lokacin da naƙuda ta tsananta ba. Tun a awon ciki ki riƙa tambayar kowace mace: in dare ya yi, motar wa za a kira? Wa zai ba da jini a danginku? An ajiye wani abu? Ki zauna da mai gari da liman da kwamitin ci gaban mazaɓarku a kan asusun gaggawa, ko da naira ɗari-ɗari ne. A jihohi da dama na Arewa akwai tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin gaggawa, ki je tasha ki bincika, ki karɓi lambar direba biyu ko uku ki manna a bangon asibiti. Duk girman da garin ya ba ki, nan ne wurin kashe shi. In Likita ta tsaya a gaban maza ta ce a tanadi mota, za a ji, kuma wannan ita ce riba ɗaya da ke cikin a ɗauke ka fiye da yadda kake.

Baba kuma, ki same shi shi kaɗai bayan sallar isha. Kada ki rage masa farin cikinsa, ya sha wahala kafin ki kai nan. Ki ce masa, "Baba, in an zo an roƙe ka ka sa baki in riƙe mara lafiya, ka taya ni cewa a tafi. Ranar da wata ta mutu a hannuna, sunan gidan nan za a kira." Uba ya fi kowa gane irin wannan magana. Akwai addu'ar da aka ruwaito daga magabata idan an yabe su: Allah kada ka kama ni da abin da suke faɗa, ka gafarta mini abin da ba su sani ba, ka sa in fi yadda suke zato. Ki riƙe ta, ki koya wa Baba ita.

Maganar kemis gajeriya ce: a'a. Lasisin kemis na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba kowa izinin kwantar da mara lafiya ba. Mutumin nan sunanki yake son saye, kuma ranar da abu ya ɓaci shi ɗan kasuwa ne kawai, ke ce mai rajistar da za a soke.

To, mu dawo kan nas ɗin.

Ta yi kuskure, ke kuma kin yi daidai. Ina so ki karanta wannan layin har ya zauna miki. Jinin mai ciki in ya kai 140/90 ya hau, in ya kai 160/110 ya yi tsanani. Kin auna 170/110, kin ji ciwon kai, kin ji gani dishi-dishi, kin haɗa su kin gane jijjiga na tafe, kin rufe asibitinki kin shiga mota da ita. Matar nan tana raye yau da ɗanta, da ikon Allah, ta sanadin idonki. Da an karanta takardarki, da wataƙila awa ɗayan nan ba ta tafi a banza ba. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, amma a asibiti idon mara lafiya yake tsonewa, shi ya sa raini a wurin aikinmu ya wuce rashin ladabi.

Na yi aikin dare a babban asibiti, na san abin da ke sa bakin wasunmu ya yi ɗaci. Nas ɗaya ko biyu a ɗaki cike da mata, ga waɗanda ake kawowa bayan an kwana biyu ana yi musu allurar naƙuda a gida ko a kemis, mahaifa ta kusa fashewa. Wanda ya ga irin wannan sau da yawa yakan fara yi wa duk na ƙauye kuɗin goro. Wannan dalili ne, ba uzuri ba ne. Na faɗa miki ne don ki ga cewa ita ma ba ke ta auna ba. Ba ta san ki ba, ba ta karanta rubutunki ba, wasu can take gani a fuskarki. Yadda mutanen garinku suka yanke hukunci ba mudu, haka ita ma. Kuma ki lura, in kika ci gaba da riƙe mata har sai abu ya ɓaci, za ki zama daidai abin da ta zarge ki da shi.

Akwai tambaya ɗaya da wasiƙarki ba ta amsa mini ba: kin yi wa matar allurar magnesiyam salfet, mai hana jijjiga, kafin ku kama hanya? Tun 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da tsarin raba ayyuka da ya ba CHEW wadda ta samu horo damar karɓar haihuwar da ba ta da matsala, da ba da ƙwayar miso don tsayar da jini, da yin allurar farko ta magnesiyam kafin a tura mai jijjiga. In babu maganin a asibitinku, ki rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ki nema, ki ajiye kwafi. In ba a horar da ke ba, ki nemi a sa sunanki. In kuwa akwai shi, an kuma koya miki, amma hannunki ya ƙi don kina jin ba ki kai ba, to rainin ya riga ya shiga gida, kuma wannan ma haɗari ne kamar wancan. Abin da aka ba ki izini kika kuma iya, ki yi shi ba tare da rawar hannu ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, daga kurkuku ya fito, baƙo a ƙasar Masar, amma da ya tsaya gaban sarki cewa ya yi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, shi mai tsarewa ne, masani. Faɗin abin da ka iya a inda rayuka ke bukatarsa ba girman kai ba ne.

Saboda haka in kin sake kai mara lafiya, kada ki miƙa takarda ki koma gefe kina jira a dube ki. Ki faɗa da baki, da murya a sarari, lamba kafin komai: "Sista, cikin wata takwas, jini 170/110 da ƙarfe huɗu, ciwon kai, fitsari da furotin, na yi mata magnesiyam ƙarfe huɗu da kwata." Ana iya raina mutum, amma lamba da lokaci suna tsayar da duk wanda ya san aiki. In an yi miki baƙar magana, ki bar ta ta wuce ki sake maimaita lambar. In har ba a motsa ba, ki nemi likitan da ke bakin aiki da kanki. Kina da wannan haƙƙin, matar da kika kawo ma tana da shi.

Sannan ki zaɓi wata rana da safe, ba ranar da kika kai mara lafiya ba, ki je ki gai da babbar nas ta ɗakin haihuwa. Ki gabatar da kanki, ki ba ta labarin abin da ya faru ba tare da zagi ko kuka ba, da lokaci da lamba, don ta san an yi jinkirin awa ɗaya a ɗakinta. Ki roƙi lambar wayar da za ki riƙa kira kafin ku taso, ki kuma roƙi a riƙa dawo miki da bayanin abin da aka samu. A irin wuraren nan da wuya a rasa mutum ɗaya mai son koyarwa. Ki neme shi, ki riƙe shi da kyau.

Kin tambaye ni wace ce ke a cikin biyun. Ni ma daga nesa nake, ba zan iya auna ki ba, amma zan ba ki mudu. Ki sayi littafin rubutu mai kauri, naki na kanki, ban da rajistar asibiti. Duk wadda kika tura, ki rubuta abin da kika gani, abin da kika yi zato, abin da kika yi mata, ki bar fili. In labari ya dawo ki cike filin da abin da aka samu a can. Waɗanda kika riƙe ma ki rubuta su, har da matan nan biyu, da dalilin da ya sa kika riƙe su, dalilin gaskiya, ko da ba zai yi daɗin karantawa ba. Kada ki sa cikakken sunan kowa, kuma ki adana shi inda ba mai gani. Bayan wata shida ki zauna ki karanta. Za ki ga inda idonki ke da kaifi, wataƙila hawan jini ne, wataƙila tamowa a yara. Za ki ga inda kike yawan kuskure, sai ki san abin da za ki tambaya. In kuma littafin ya nuna miki kin fi ƙarfin kujerar da kike kai, hanyar ƙarin karatu a buɗe take, ko kwas ɗin CHO, wato matakin da ke gaba da CHEW, da ake yi a asibitocin koyarwa, ko makarantar ungozoma. Shekara 27 ba komai ba ce.

Kafin nan, gobe in kin buɗe asibiti, ki ɗauko katunan awon duk matan da suka shiga wata na takwas da na tara. Ki ware 'yan haihuwar fari masu ƙananan shekaru, da waɗanda suka haihu fiye da biyar, da wadda aka taɓa yi wa aiki, da mai tagwaye, da duk wadda jininta ya taɓa kai 140/90. Ki aika a kira mazajensu cikin makon nan. Ki sake rubuto mini ki faɗa mini su nawa ne, da abin da babbar nas ɗin ta ce.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannunki.